Jan Ƙyalle a Kan Ƙubba

Litinin bayan Ista, da safe

Tun shekarar da kurciya ta maƙale a waya kogin Arno ya shigo gari, ban taɓa rasa bikin Ista a ƙofar babban coci ba sai jiya. Brunero, abokin aikina na dā, shi ya zo ya ba ni labari. Wai kurciyar ƙarfen ta taso daga bagade a kan wayarta, ta kunna tartsatsin wasan wuta da ke kan amalanken da aka ajiye a ƙofa, ta koma inda ta fito lafiya lau. Wato bana shekara za ta yi kyau. Na ce masa to madalla.

A waccan shekarar da ba ta koma ba, ruwa ya zo a watan Nuwamba. A cikin lakar nan na haɗu da Tosca, tana kwashe taɓo daga shagon ubanta da murfin tukunya. Na ce mata ba haka ake yi ba. Ta ce in na iya in karɓa. Na karɓa.

Ban iya rubutu sosai ba, ina ɗan shekara sha ɗaya aka cire ni daga makaranta aka ba ni guduma. Amma babu wanda zan yi wa magana a teburin nan, shi ya sa nake yi da takarda.

Tukunyar taliya tana nan a ƙasan kicin inda ta faɗi daga hannun Tosca ranar Asabar, da shanyewar ɓarin jiki ta kama ta. Ban ɗauke ba tukuna.

Na buɗe taga na duba rufin babban cocin. Ƙubba tana nan.

Litinin, da yamma

Na je asibiti wurin Tosca, matata. Ba ta ci komai ba.

Laraba, da rana

'Yarmu Fiamma ta iso daga Jamus. Kafin ta ajiye jaka ta ɗauke tukunyar ta goge ƙasa. Uwarta sak.

Asibitin a bayan coci yake, in ka tsaya a ƙofarsa Ƙubba tana bisa kanka. Amma ɗakin da suka sa Tosca tagarsa bango take kallo, bango mai bututun ruwa. Na gaya wa nas ɗin, Mirela sunanta, cewa matar nan tun da muka yi aure ba ta taɓa wayar gari ba ta ga Ƙubba ba. Ta ce, “Kaka, gado ne babu. Ka gode da aka samu wannan.” Ba laifinta ba ne.

Tun da ba ta gani, sai na zauna ina gaya mata. Na faro daga farko: yadda kakanninmu suka gina cocin suka bar ƙaton rami a sama shekara da shekaru, ruwan sama yana zuba a ciki, don babu wanda ya san yadda za a rufe shi. Yadda babban maginin ya rufe shi ba tare da ya tokare da katako daga ƙasa ba, ya jera bulo a karkace kamar ƙayar kifi, kowane zagaye yana riƙe kansa. Ta ji wannan labarin ya fi a ƙirga. Dā can in na fara sai ta ce, “Kan Dutse, ai ba kai ka gina ba.” Yau na yi ta jira ta faɗa.

Hannun hagu yana motsi. Da shi take ture cokali.

Alhamis, da safe

Ƙubba tana nan. Yau ja ce sosai, an yi ruwa da asuba.

Asabar, da yamma

Brunero ya ja ni shagon kofi. Ya ce na rame kamar karen mafarauci. Na ce shi kuma ya kumbura kamar Fadan coci. Ya ba wa mai shagon labarin ƙyallen, kamar kullum, ya kuma ɓata shi kamar kullum. Bari in rubuta yadda yake.

Aikinmu sassaƙa marmara ne da gyaran Ƙubba. Shekaru da dama a sama muke wuni. Tun zamanin da ake ginin, magina a sama suke cin abinci, ana janyo musu shi da igiya, har giyar da ake ba su sai an sirka da ruwa don kada wani ya faɗo. Mu ma haka muka tarar, kowa ya hau da burodinsa. Ni kaɗai nake saukowa, don gidanmu kusa ne kuma Tosca ta ce ba ta auri mai cin busasshen burodi a kan bulo ba. A jikin Ƙubba akwai ƙananan ramuka da magina suka bari. Ɗaya daga cikinsu yana kallon tagar kicin ɗinmu. In rana ta take sai in zura jan ƙyalle ta ramin in kaɗa. Tana gani sai ta zuba taliya a tafasasshen ruwa. Kafin in sauko in tsallaka titi in hau benenmu, ta dahu daidai.

Ƙyallen na jam'iyyar gurguzu ne, na taron ma'aikata. Wata rana wani Fada ya tare ni ya ce, “Foresto, tutar wa ake kaɗawa daga ɗakin Ubangiji?” Na ce tutar taliya ce, Fada. Ya ce wace iri? Na gaya masa. Ya ce a gaishe da uwargida. Shi ke nan abin da ya faru. Brunero yana cewa wai Fadan ya bi ni gida ya ci faranti biyu. Ƙarya ce. Ɗaya ya ci, kuma ba a ranar ba.

Ita Tosca ba ta taɓa hawa ba. Ko kujera ta taka kanta juyawa yake.

Yau ma ba ta ci ba. Ruwan leda suke sa mata a hannu.

Litinin, da rana

Likita ya kira mu ofis, ni da Fiamma. Yaro ne mai ladabi. Ya ce maƙogwaronta lafiya yake, sun gwada, tana iya haɗiya. Ita ce ba ta so. Ya ce in aka ci gaba a haka za su sa mata roba ta ciki, kuma wanda aka sa wa roba ba gida yake komawa ba, akwai wani gidan jinya can bayan Pistoia. In ta fara ci da bakinta kuwa, sai a yi maganar gida.

Na tambaye shi ko ana ganin Ƙubba daga can. Ya dubi Fiamma.

A hanya Fiamma ta ce, “Babbo, ka daina tambayar mutane wannan. Suna ɗauka ka ruɗe.” Na ce su ɗauka.

Talata, da yamma

Mun yi faɗa.

Fiamma ta zo asibiti da kwamfutarta, ta ɗora a teburin cin abincin da ke kan gado. Wai akwai wani wasa a ciki, na wani saurayi mai hula da ke yawo a Firenze ta zamanin dā, yana hawa gine-gine. Wai tun da Mamma ba ta ganin Ƙubba, ga ta nan.

Na duba. Na ce ina ɗakin baftisma? Babu shi, sun share shi daga filin kamar ba a taɓa ginawa ba. Na ce wannan wane irin bulo ne, kamar an shafa masa mai? Sai ga saurayin ya kama bangon coci da hannu yana hawa kamar ƙadangare, babu igiya, babu komai. Da ya kai sama ya buɗe hannu ya faɗo cikin tarin ciyawa, ya tashi ya kakkaɓe riga. Na san mutumin da ya faɗo daga wurin da bai kai rabin wannan ba. Ni na kai wa matarsa hularsa.

Na ce ta rufe. Ba za a nuna wa matata ƙarya tana kwance ba.

Fiamma ta ce, “Babbo, ka san shekara nawa na yi a Jamus kafin in samu kuɗin zuwa gida? A cikin abin nan nake zuwa. In na dawo daga aiki sai in bi titinmu in tsaya a gindin Ƙubba in yi kuka in kashe. Ni ma na san ƙarya ce.”

Na ce da ta buga waya.

Ta ce, “In buga ka ba ni labarin ƙayar kifi?”

Na ɗauki hulata na fito. Tosca tana kallon bututun ruwa.

Laraba, da safe

Ba zan je ba yau.

Laraba, da yamma

Ban je ba. Na zagaya coci sau biyu. A bayansa akwai farin dutse mai zagaye a cikin daɓen titi, inda ƙwallon zinariyar da ke can ƙoli ya faɗo lokacin da tsawa ta buge shi, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Baƙi suna takawa ba su sani ba. Wata mata ta tsaya a kai tana shan askirim. Na so in gaya mata, sai na fasa.

Ƙubba tana da tsage-tsage a jikinta, manya, tun kafin a haifi kakan kakana. Da sanyi su buɗe, da zafi su rufe. Mun sha sa hannu a ciki. Masu ilimi sun kafa musu na'urori suna aunawa. Wanda ya koya mini aiki yakan ce numfashi take yi, a ƙyale ta. Abu yana iya tsagewa ya ci gaba da tsayuwa, na gani da idona.

Na dafa ƙwai. Ya ƙone.

Alhamis, da yamma

Zan rubuta wannan daidai, don Brunero zai ɓata shi in ya ji.

Na je da hantsi. Na tarar Fiamma ta sake kunna abin. Na zauna a kujerar bakin ƙofa ina kallon takalmina. Mirela ta kawo abincin rana ta ajiye a gefe.

Fiamma ta hau da saurayin har ƙoli, ta bar shi tsaye a can, don ta juya tana neman cokali. Ashe yana da jar ɗamara a ƙugu, iska tana kaɗa ta. Na ji gado ya motsa. Tosca ta ɗago kai daga matashi, abin da ba ta yi ba tun ranar Asabar ɗin nan. Hannun hagu yana laluben gefen gado kamar mai neman murfi. Bakin a karkace, amma mun ji, mu duka uku.

Ta ce, “Zuba taliya.”

Fiamma ta dube ni. Na ce ki ba ta, me kike jira. Ba taliya ba ce ma, dankali ne da aka dama. Ta ci cokali huɗu ko biyar, idonta a kan ɗamarar.

Mirela ta fita da sauri wai za ta rubuta. Ni na shiga banɗaki na daɗe.

Juma'a, da rana

Ta ci rabin faranti. Fiamma ba ta ce mini ka gani ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na ce ta koya mini yadda ake tafiyar da saurayin. Na sa shi ya yi ta buga kai a bangon coci. Fiamma ta yi dariya har ta tsuguna.

Asabar, da yamma

Yau ta ƙi.

Mun kunna, saurayin ya hau, ɗamara tana kaɗawa. Tosca ta daɗe tana kallo, ta matse ido kamar yadda take yi wa mai sayar da kifi. Sannan ta ce, a hankali, kalma ɗaya ɗaya, “Ba shi ba ne.”

Fiamma ta ce, “Mamma, Babbo ne, duba, yana sama.”

Ta ce, “Babu tumbi.”

Ta juya fuska ga bango. Cokali ko ɗaya.

Na ce wa Fiamma ai na gaya miki ba a yi wa matar nan ƙarya. Na faɗa ne kawai, ban ji daɗin da na yi tsammani ba.

Lahadi, da rana

Na buɗe kabad ɗin kicin ina neman gishiri. Fakitin taliya ne jere, duk masu kauri, irin manyan nan masu rami a tsakiya. Na ce wa Fiamma ban san yaushe uwarki ta daina sayen siririya ba, ita muke ci da muka yi aure.

Ta ce, “Da gaske ba ka sani ba?”

Na ce me?

Ta ce, “Siririya tana dahuwa nan da nan. Da ka fara daɗewa a matakala sai ta koma mai ɗan kauri. Da gwiwarka ta fara ciwo ta koma wannan. Ta ce kada in gaya maka, wai kana alfahari har yanzu saukarka ɗaya da ta saurayi.”

Shekara da shekaru ina gaya wa Brunero ban taɓa samun taliya ta yi laushi ba, don ƙafata ba ta canza ba.

Na sami ƙyallen a aljihun tebur, ƙarƙashin wuƙaƙe, a ninke. Ya koɗe, ya zama kalar fatar albasa. Tun da na bar aiki ba a kaɗa shi ba.

Litinin, da safe

Ƙubba tana nan. Hazo ya rufe ƙwallon. Jiya ma ba ta ci ba.

Litinin, da yamma

Likita ya ce ranar Juma'a za su yanke shawara. Ba zai iya ƙara jira ba, tana ramewa.

Da zan fito Mirela ta ce in biyo ta. Ta kai ni hawa na sama, ƙarshen baranda, wurin da suke ajiye kekunan marasa lafiya. Akwai taga. Ta matsar da wani kwali. Ga Ƙubba nan ta cika tagar, har ana ganin mutane a ƙoli suna jingine da ƙarfe, ƙanana kamar tururuwa amma ana bambance rigunansu. Ta ce, “Kaka, in an zaunar da ita a keke, lif yana zuwa nan. Ni ban gaya maka ba.”

Na daɗe a wurin. Gefen da suka fara yi wa baranda suka bari ba a gama ba yana ta hannun hagu. Ramina ba ya ganuwa daga nan, kuma ko yana ganuwa an daina barin kowa ya kai gare shi. Amma ƙoli a buɗe yake ga duk mai tikiti.

Talata, da yamma

Na gaya wa Fiamma. Ta ce a'a kafin in gama.

Ta ce, “Babbo, akwai batir a ƙirjinka. A ƙofar ma an rubuta masu ciwon zuciya kada su hau.”

Na ce ban iya karatu sosai ba.

Ta ce ita za ta hau ta kaɗa. Na ce matar da ta gane saurayin kwamfuta ba shi da tumbi, ke za ki ruɗe ta? Kuma wa zai riƙe cokali? Ta ce to Brunero. Na ce Brunero ko benen gidansa sai ya huta sau biyu, kuma tumbinsa ya yi yawa, za ta gane.

Ta ce, “In ka faɗi a matakalar nan, ni kaɗai zan rage da ku biyu a gado. Ka yi tunanin wannan?”

Na yi. Ban gaya mata na yi ba. Na ce matakalar nan tsakanin bango biyu take, Ƙubba ta ciki da Ƙubba ta waje, babu inda mutum zai faɗa sai kan Bajamushen da ke bayansa. Ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Can ta fito ta ajiye wayarta a gabana. Ta sayi tikiti biyu, na safiyar Alhamis. Ɗaya nawa, ɗaya na Brunero. Ta ce ba don ya kaɗa ba, don in na zauna a sami mai ihu.

Na yi aiki a wurin nan tun ban fara aske gemu ba, yau ga ni da tikiti.

Laraba, da rana

Brunero ya ce in muka mutu a can sai a toshe tsaga da mu, a huta da aunawa. Na ce shi kaɗai ya isa ya toshe babbar. Ya sayi sabon takalmi saboda hawan, sakarai, zai ci masa ƙafa.

Na je wurinta. Na zauna kusa na ce, Tosca, gobe zan hau aiki. Ba ta juyo ba. Na ce ki kula da taga, kada ki bar ni da yunwa. Hannun hagu ya kama hannun rigata ya riƙe, ya daɗe, sannan ya saki. Ban san ko cewa take kada in je ba, ko kuwa in yi sauri. Dā ma ban cika gane wanne take nufi ba.

Laraba, da yamma

Tsohon ƙyallen ba zai ganu ba, ya koɗe. Na ɗauko jan mayafin tebur na Kirsimeti, wanda ba ta bari a ɗora masa kofi. In ta gane shi za ta yi faɗa. Ina so ta yi. Na ninke tsohon na sa a aljihun riga, shi ma ya hau.

Fiamma ta dafa miyar tumatir ta zuba a kwalba. Mirela ta ce akwai ɗan murhun lantarki a ɗakin nas-nas, ba ta gaya mana ba. Fiamma ta tambaye ni wace taliya za ta kai. Na buɗe kabad na zaɓi mafi kauri. Ta ce ko wannan ba za ta jira saukowata ba. Na ce ba ni za ta jira ba, ki ba uwarki da zafinta, ni a ajiye mini nawa ko ya yi laushi.

Gobe zan tashi da wuri in aske gemu, in sha maganina, in biya wa Brunero. Za mu shiga ta ƙofar gefe tare da baƙi. Zan hau a hankali, in huta duk inda na ga dama, wanda ke sauri ya wuce. In na kai ƙoli zan tsaya ta gabas, inda tagar take, in juya gefe don tumbin ya fito sosai. Ƙararrawar tsakar rana tana bugawa zan buɗe mayafin in kaɗa, kuma ba zan daina ba sai Fiamma ta bugo ta ce an zuba.